Wa Zai Rubuta Wa Yaran Agege Labarin Yunwa?

A Zangon Agege, cikin Ikko, akwai yara masu jin Hausa da Yarbanci waɗanda ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Hausawan farko fataucin goro da shanu ne ya kawo su, suka ƙaru bayan hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911. Amma akwai waɗanda fari ya koro daga Arewa da Jamhuriyar Nijar a 1973 da 1984, sa'ad da gero ya ƙone a gona, dabbobi suka mutu. Wannan labari yana bakin tsofaffi ne, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Mutanen ƙasar Ailan, maƙwabtan Ingila, sun ga irin wannan masifa. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta riƙa ruɓar da dankalin Turawa, abincin talakawansu. Kimanin mutum 1,000,000 suka mutu, wasu kamar haka suka haye teku zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Marubutansu ba su bar abin ya ɓace ba. A 1990 Marita Conlon-McKenna ta rubuta wa yara Under the Hawthorn Tree, ƙagaggen labarin 'yan'uwa uku da suka yi doguwar tafiya a ƙasa suna neman dangi. A littafi na biyu, Wildflower Girl, autarsu ta tafi birnin Boston aikatau. Ta haka ɗan makaranta yake fahimtar cewa ƙaura ba gudun raggo ba ce.

Hausa ma ta san wannan hanya. Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna a Shaihu Umar cewa ana iya ɗora tarihin bauta a kan labarin yaro guda da mahaifiyarsa. Amma da wuya a sami littafin yara a kan yunwar Kakalaba ta 1914, balle farin baya-bayan nan.

Saboda haka lalle ne marubuta da malaman makaranta su zauna da dattawan Agege tun suna raye, su ji hanyar da suka biyo, da abin da suka ci a hanya, da wanda ya sauke su a Zango. In suka kau, labarin ya kau tare da su.