Doka, Yanayi da Makomar Gauraka a Ƙasar Gwandu

An gina dokokin kare namun daji a Nijeriya bisa zaton cewa mafarauci ne babban abokin gaban dabba. Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 da Doka mai lamba 11 ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, duk jera sunayen dabbobi suka yi, suka taƙaita kisansu da fataucinsu. Nazarin yanayi ya nuna gajiyawar wannan zato.

Gauraka ya isa misali. Tsuntsu ne da ke sheƙa cikin ciyawar fadama da damina, saboda haka hayayyafarsa ta rataya ga malalar ruwa. Farin farkon shekarun 1970 da na 1984 sun ƙafar da dausayi da dama. Madatsun Bakolori da Goronyo kuma suka sauya ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadamar Gulbin Kabi, wadda ta biyo ta gefen Kalgo, sannan noman shinkafa ya mamaye sashe babba na abin da ya saura. A tudun Gwandu kuwa, faɗaɗa gonaki da saran itace ne suka rage daji. Ba a musun cewa kamun gauraka don ƙawata gidajen manya ya rage shi, amma wanda ya tsira daga tarko ina zai sa ƙwai?

Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da daji da namun daji, sai dai yana cikin babin da Sashe na 6 ya taƙaita hurumin kotu a kansa. An sami sassauci a 2018, lokacin da Kotun Ƙoli, a ƙarar da wata ƙungiya ta shigar kan kamfanin NNPC saboda malalar mai a Jihar Abiya, ta amince cewa ƙungiya mai zaman kanta na iya neman haƙƙin muhalli a madadin al'umma. Dokar Sauyin Yanayi ta biyo baya a 2021.

A ganina, wahalar na ga tantance wanda za a yi ƙara. A Abiya bututu ɗaya ne, mai shi sananne. A fadamar Kalgo kuwa alhakin ya rarrabu tsakanin fari da madatsu da manoman da shinkafa ce abincinsu, kuma kotu ba za ta iya raba shi ba sai da ma'aunin ruwan sama da na gulbi na shekaru masu yawa.