YADDA MUTANEN LATBIYA KE FASSARA KALMOMIN AIKI DA RAYUWA DAGA INGILISHI

Idan aka kawo wa mai fassara a birnin Riga takardar ɗaukar ma'aikaci wadda aka rubuta da Ingilishi, aka ce ya juya ta zuwa harshen Latbiya, da wuya ya yi layi uku bai ajiye alƙalami ya yi tunani ba. Sunayen injuna da na magunguna ba su cika ba shi wahala ba, domin akwai littattafan da aka tanada saboda su. Abin da ke tsai da shi shi ne kalmomin nan na yau da kullum, watau na aiki da albashi da shugabanci da zaman duniya, waɗanda kowa ke zaton ya san su. Kowace ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da tarihin mutanen da suka yi shekaru aru-aru suna yi wa wasu aiki, ana ba su umurni da harshen da ba nasu ba.

Latbiya ƙasa ce ƙarama a arewacin Turai, a bakin Tekun Baltik. Istoniya tana arewa da ita, Lituwaniya tana kudu, Rasha kuma tana gabas. A ƙidayar shekara ta 2021 mutanenta ba su cika miliyan 2 ba. Harshensu yana da haruffa 33, kuma ba shi da wani ɗan'uwa na kusa da ya rage a duniya sai harshen Lituwaniya. Na ukunsu, watau harshen tsofaffin mutanen Furushiya, ya mutu tun kimanin shekara 300 da suka wuce, bayan da Jamusanci ya shanye shi. Mutanen Latbiya ba su manta da wannan ba, shi ya sa maganar kalmomi a wurinsu ba abin wasa ba ce.

KALMA ƊAYA, FUSKA UKU

Bari mu fara da kalmar "life". Bature yana amfani da ita guda ɗaya a ko'ina, amma a harshen Latbiya sai an zaɓa tsakanin kalmomi uku. Akwai "dzīvība", watau rai, wanda in ya fita mutum ya zama gawa. Akwai "dzīve", watau rayuwa ko zaman duniya. Sa'an nan akwai "mūžs", watau tsawon kwanan mutum tun daga haihuwa har zuwa kabari. Inshorar rai da ta farko ake faɗinta, halin zaman jama'a da ta biyu, ɗaurin rai da rai kuwa da ta uku. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da shi ma ya san bambancin rai da rayuwa. Mai fassarar da ya musanya ɗaya da ɗaya a takardar inshora ya ɓata takardar ke nan.

A wajen aiki kuwa al'amarin juyewa ya ke yi. Ingilishi yana da "work" da "job" da "labour", harshen Latbiya kuwa yakan tattara su duka cikin kalma ɗaya, "darbs". Daga gare ta ake gina sauran. Rashin aikin yi shi ne "bezdarbs", domin "bez" na nufin babu. Wanda ya ɗauki ma'aikaci shi ne "darba devējs", watau mai ba da aiki. Amma shi ma'aikacin fa? In an ce "strādnieks" an nufi lebura ko mai aikin ƙarfi a masana'anta, kuma kalmar tana tuna wa dattawa jawaban zamanin mulkin kwaminis. In an ce "darbinieks" an haɗa da akawu da malami da kowane mai albashi. Wannan ta biyun ita Dokar Aiki ta ƙasar, wadda ta fara aiki a shekara ta 2002, ta ke amfani da ita. Saboda haka duk inda kalmar "worker" ta fito, tilas mai fassara ya bincika ko wane irin ma'aikaci ake nufi kafin ya rubuta.

Har wa yau akwai maganar jinsi da ta ladabi. Bature zai ce "teacher" bai nuna ko namiji ne ko mace ba, amma a Latbiya malami "skolotājs" ne, malama kuwa "skolotāja". Haka nan kalmar "you", wadda Bature ke faɗa wa ɗansa da shugabansa duka ɗaya. A Latbiya "tu" ta aboki ce da ta yaro, "jūs" kuwa ta girmamawa ce, kamar yadda mu ma kan ce wa babba "ku". Wasiƙar kamfani da aka fassara da "tu" tana iya zama raini ga dattijon da ya karɓe ta.

ZAMANIN JAMUSAWA

Don a gane dalilin wannan taka-tsantsan sai an koma baya. Jamusawa ne suka kafa birnin Riga a shekara ta 1201, kuma tun daga lokacin, ko da sarauta ta koma hannun Folan ko Suwidin ko Rasha, manyan gonaki da kotuna da sana'o'in birni suna hannun zuriyarsu. Ɗan ƙasa manomi ne wanda ba shi da ikon barin gonar ubangidansa, kuma wajibi ne ya yi masa aikin tilas na wasu kwanaki, abin da suke kira "klaušas". Ba a soke wannan bauta ba sai a 1817 a yankin Kurzeme, da 1819 a Bidzeme, da 1861 a Latgale.

Saboda haka kalmomin sana'a da yawa daga Jamusanci suka shigo, kamar "amats" watau muƙami ko sana'a, da "meistars" watau gwanin sana'a, da "skroderis" watau tela, har da "stunda", awar da ake ƙidaya wa ma'aikaci. Ƙamus na farko ma, wanda Georg Mancelius ya wallafa a 1638, limamin coci ne Bajamushe ya rubuta shi domin 'yan'uwansa su iya magana da talakawan da suke yi wa wa'azi.

Daga wajen 1850 sai aka sami samarin ƙasar da suka yi karatu mai zurfi, suka ƙi yarda da zancen da ake yi cewa harshensu na gona ne kawai. Juris Alunāns, wanda ya rasu a 1864 yana da shekara 31, ya ƙirƙiro ɗaruruwan kalmomi. Cikinsu akwai "veikals", watau kanti, da "saeima", wadda ita ce sunan majalisar dokokin ƙasar. Atis Kronvalds kuwa shi ya samar da "vēsture" watau tarihi, da "vēstule" watau wasiƙa, da "satversme". Wannan ta ƙarshen ita aka sa wa tsarin mulkin ƙasar na 1922, shekara 47 bayan rasuwar wanda ya ƙirƙiro ta. Watau sun tanadi kalmomin mulki tun ba su da mulkin.

Bayan samun 'yancin kai ran 18 ga Nuwamba 1918, aka kafa kwamitin daidaita kalmomi a 1919. Tsakanin 1923 da 1932 kuma aka buga babban ƙamus mai juzu'i 4 wanda Kārlis Mīlenbahs ya fara, Jānis Endzelīns ya kammala.

ZAMANIN RASHANCI

'Yancin bai daɗe ba. Tarayyar Sobiyet ta mamaye ƙasar a 1940, sojojin Hitila suka ƙwace ta a 1941, sa'an nan Sobiyet ta dawo a 1944, ta zauna har 1991. Aka gina manyan masana'antu, aka kwaso ma'aikata daga sassa daban-daban na Tarayyar. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda kafin yaƙi suka kai kashi uku cikin huɗu na jama'a, sai ga shi a ƙidayar 1989 sun koma kashi 52 cikin 100. A masana'anta da tashar jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa, Rashanci ne harshen aiki. Mutum zai yi hira da iyalinsa da harshen uwarsa, da safe ya rataye shi a ƙofar ma'aikata.

Duk da haka kwamitin kalmomi na Cibiyar Kimiyya ta Latbiya, wanda aka kafa a 1946, bai daina aiki ba, sai dai yawancin sababbin kalmomi ta hanyar Rashanci suke isowa, har da waɗanda asalinsu na Ingilishi ne. Da guguwar neman 'yanci ta taso aka yi dokar harshe a 1989, aka sake wata a 1999. A watan Fabrairu na 2012 aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan ko Rashanci ya zama harshen hukuma na biyu, kimanin kashi 75 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a suka ce ba su yarda ba.

BAƘON DA AKA GAYYATA

Ingilishi ya sha bamban da waɗancan biyu, domin ba da soja ya zo ba, mutanen ne da kansu suka buɗe masa ƙofa. Kafin Latbiya ta shiga Tarayyar Turai ran 1 ga Mayu 2004, sai da aka fassara dubun-dubatar shafuka na dokokin Tarayyar, yawanci daga Ingilishi, a kan lokacin aiki da hutu da fansho da lafiyar ma'aikata. Abubuwa da dama na kasuwar jari-hujja ba su da suna a harshen, tun da shekara 50 aka yi babu su, dole aka sama masu.

Wasu kalmomin sun karɓu, wasu kuwa har yanzu ana ja-in-ja. "Dators" ta kori sunan kwamfuta na aro, har yara ba su san wani suna ba sai shi. Amma "datne", wadda masana suka tanada domin fayil na kwamfuta, ba ta iya korar "fails" daga bakin jama'a ba. Haka "menedžeris", watau manaja, ta ke kokawa da "vadītājs", wadda ma'anarta mai ja gaba, kuma ita ce ake kiran direba da ita. Akwai kuma ta ban dariya. Wasiƙun banza da ke cika akwatin saƙon intanet sun sami suna "mēstule", an ɗauki "vēstule" ta Kronvalds an gauraya ta da kalmar da ke nufin shara ko taki.

Ko sunan kuɗi sai da aka yi gardama a kansa. Hukumomin Tarayyar sun so a rubuta sunan kuɗin bai ɗaya iri ɗaya a ko'ina, mutanen Latbiya suka ce harshensu bai san haɗuwar waɗannan wasula ba, kuma Turai ma "Eiropa" suke ce mata. Da suka karɓi kuɗin ran 1 ga Janairu 2014, "eiro" suka ci gaba da faɗa, haka kuma suke rubutawa a harkokinsu na cikin gida.

Sai dai babbar matsalar ba a ofishin masana ta ke ba. Tun 2004 Ingila da Ailan suka buɗe wa ma'aikatan Latbiya ƙofa, da tattalin arzikin ƙasar ya faɗi da kimanin kashi 14 cikin 100 a 2009 kuwa sai fitar ta ƙaru. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 2.6 a 1989 ta koma ƙasa da miliyan 2, saboda ƙaura da ƙarancin haihuwa. Wanda ya je aikin gona ko na ɗakin ajiyar kaya a Ingila yana bukatar ya fahimci takardar da zai sa wa hannu, in ba haka ba a cuce shi a kan awoyi ko kuɗin hutu. 'Ya'yansa kuwa suna tashi da Ingilishi a makaranta, kalmomin Latbiya da suka sani na ɗakin girki ne kawai. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Amma fa akwai abin da Ingilishi ma ba ya iya ɗauka. Mutanen Latbiya suna da kalmar "talka", watau maƙwabta su taru su taya ɗayansu girbi ko gini ba da lada ba, sai abinci da waƙa bayan an gama. Mai karatu zai ce ai gayya ke nan, kuma ya yi daidai. Bature kuwa sai ya yi jimla guda kafin ya bayyana ta. Tun shekara ta 2008 suka mai da ita aikin ƙasa baki ɗaya, inda akan ware rana ɗaya a shekara dubban mutane su fito share dazuzzuka da bakin hanyoyi.

Da annobar korona ta zo a 2020, kalmar "dīkstāve", wadda da ake faɗa wa injin da ya tsaya ba ya aiki, ita gwamnati ta yi amfani da ita wajen biyan tallafi ga ma'aikatan da aka zaunar a gida. Ba a ari kalma daga waje ba, tsohuwa aka ɗauko aka ɗora mata sabon kaya. Haka aikin ya ke tafiya tun zamanin Alunāns. Masana su kawo shawara, hukuma ta sa hannu, amma ma'aikaci da 'yar kasuwa da ɗan makaranta su ke yanke hukuncin ƙarshe, domin kalmar da baki bai karɓa ba cikin ƙamus za ta tsufa.