Majinyacin da Ba Ya Nishi

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji Bahaushe, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. A Amurka da Jamus da Ingila akwai mutanen da kiwon maciji ne ya karɓe su. Sukan ajiye shi cikin akwatin gilashi a ɗaki, su raɗa masa suna, su cika firiza da ɓeraye don abincinsa. Mu da muka taso da zarar an ce "maciji" kowa ya rarumi sanda, dole abin ya yi mana banbaraƙwai. Sai ga shi ɗaya daga cikin macizan da suka fi ƙauna ɗan yankinmu ne: wata ƙaramar mesa marar dafi da masana ke kira Python regius, wadda ba kasafai take wuce mita ɗaya da rabi ba, in ta tsorata kuma sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Daga Togo da Benin da Gana aka yi ta jigilarta zuwa ƙetare, akwai ta kuma a Nijeriya. In ta samu kulawa takan yi shekara 20 zuwa 30. Wata a gidan namun daji na birnin St. Louis ta kai kimanin shekara 62, har ta yi ƙwai a 2020.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san akuya ba ta iya ɓoye ciwo: za ta yi kuka, gashinta ya tashi, ta koma jikin katanga ta raɓe. Maciji ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Ba ya nishi, ba ya ɗingishi, ko fatar ido ba shi da ita balle ya lumshe. Lafiyarsa ƙalau a kwance yake wuni, yana bakin mutuwa ma a kwance yake wuni. Ga shi jikinsa komai a hankali yake yi, ciwo kan ɗauki makonni yana cinsa kafin ya fito fili. Shi ya sa sabon mai kiwo kan tayar da hankalinsa a kan abin da ba komai ba ne, ya kuma tsallake abin da zai kashe dabbar.

Ɗauki maganar ido. Wata rana mutum zai leƙa akwati ya tarar idanun mesarsa sun yi fari-fari da shuɗi-shuɗi kamar mai yanar ido, launin jikinta ya dushe, ta ƙi abinci, ga saurin fushi. Babu abin da ya same ta, saɓa take shirin yi. Wani ruwa ne ke shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa, har da ɗan murfin da ke kan ido. Bayan 'yan kwanaki idon zai washe, sannan ta tuɓe fatar. A nan ne ya kamata a sa ido sosai, domin saɓa kamar takardar sakamakon asibiti ce. Lafiyayyen maciji yakan tuɓe ta gaba ɗaya daga baki zuwa wutsiya, a juye kamar safa. In ta fito gutsi-gutsi, wani ya maƙale a wuya wani a baya, to iskar akwatin ta bushe. Wannan mesa, a garinsu, cikin ramin ɓera da suri take kwana, inda laima ba ta yankewa, saboda haka masu kiwo ke ƙoƙarin riƙe danshin akwati wajen kashi 60 cikin ɗari ko sama da haka. Wurare biyu ake dubawa a jikin saɓar: murafen ido biyu, da ƙarshen wutsiya. Fatar da ta maƙale a wutsiya takan ɗaure ta kamar zare, jini ya daina kaiwa, har ƙarshen ya bushe ya faɗi. Murfin ido kuwa in ya zauna, kada a kuskura a ɓamɓare shi da farce, ana iya tsiyaye idon.

Ƙin cin abinci ma sau da yawa ba komai ba ne. Wannan mesa ta yi suna wajen yajin ci, babba takan yi wata biyu, uku, har fiye ba ta taɓa ɓera ba, musamman lokacin sanyi. Sikeli ne ke raba gardama. A riƙa auna ta duk wata ana rubutawa. In nauyi yana nan, a ƙyale ta. In yana zubewa, gadon bayanta ya yi tsini kamar tunkun jinka, fata ta yi yaushi, an shiga wani babin. Amai kuwa bai da alaƙa da yajin ci. Macijin da ya harar da abin da ya haɗiye, ko dai an ɗauke shi ana jagwalgwalawa kafin kwana biyu da cin abinci, ko sanyi ya hana cikinsa narkarwa, ko kuma tsutsa ce. Farin abu kamar alli da ke fita tare da kashinsa, wannan fitsarinsa ne, haka Allah Ya yi shi.

Abin da ya fi kamata a ji tsoro shi ne numfashi. Maciji ba ya iya tari, majinar da ta taru a huhunsa ba ta da hanyar fita. Lafiyayye bakinsa a rufe yake ruf, sai harshe da ke leƙowa yana komawa. In aka ga baki a hangame, ko kumfa a hanci, ko yawu mai yauƙi yana dalala, ko aka kara kunne aka ji wani siririn fito ko ƙas-ƙas duk lokacin da ya ja iska, ko ya jingina kai da bangon akwati yana miƙa wuya sama, ranar nan ake neman likitan dabbobi. Tushen abin galibi sanyi ne. Maciji ba ya samar da zafin jikinsa, daga waje yake aro, garkuwar jikinsa ma da zafin take aiki. Don haka ake yi wa akwati ɓangare biyu, ɗaya wajen digiri 31 zuwa 32, ɗaya wajen 25 zuwa 27, ya riƙa kai da kawo da kansa. A ganina mafi yawan abin da ake kira ciwon maciji ciwon akwati ne, kuma ma'aunin zafi na 'yan kuɗi kaɗan ya fi kwalabar magani amfani. Ban ce duka ba: a 2014 masu bincike sun gano wata ƙwayar cutar bairos da ke kama huhun wannan mesa, ita kam gyaran zafi ba ya korar ta.

Cikin baki ya kamata ya zama ruwan hoda mai tsabta. Jajayen ɗigo a dasashi, kumburin da ya hana leɓe haɗuwa, ko mugunya mai kauri kamar cuku, alamar ruɓewar baki ce, in aka bari takan ci har ƙashin muƙamuƙi. Nakan tuna da wannan in na ga gardi a kasuwa ya buɗe kwando: a ƙasashe da dama masu wasa da maciji kan cire masa haƙoran dafi, raunin da aka bari kuma irin wannan ruɓewa yake jawowa.

Akwai kuma wata alama da ke yaudara. Mesa ta shige kwanon ruwanta ta nannaɗe, yau ciki, gobe ciki, mai ita yana murna wai tana son wanka. Ya fitar da ita ya duba gindin kwanon. In ya ga baƙaƙen ɗigo kamar an barbaɗa garin masoro, ƙananan ƙwari ne masu shan jini, irin ƙumar kaji, take neman nutsarwa. Sukan laɓe a gefen ido da cikin tsagar da ke ƙarƙashin haɓa. A shafa jikinta da farin ƙyalle mai laima, za a gan su suna motsi. Waɗanda aka kamo daga daji kuma da kaska suke zuwa. Daga nan sai a juya ta a duba ciki: ɓawon ciki sumul yake, in ya yi ja ko ruwan ƙasa ko bororo, ko shimfiɗa ce ta jiƙe da ƙazanta, ko abin ɗumama akwati ne ya ƙona ta, don maciji kan kwanta a kan abu mai zafi har ya gasu bai matsa ba.

Mafi muni shi ne a ga kai yana karkarwa, ko ta ƙura wa sama ido tana murɗa wuya baya, ko a kwantar da ita rigingine ta kasa juyowa. Wannan ya taɓa ƙwaƙwalwa. Cikin musabbabansa akwai wata cutar bairos mai yaɗuwa tsakanin mesoshi, wadda aka danganta da wani rukunin ƙwayoyin cuta a 2012, ba ta kuma da magani. Saboda irinta ne masu kiwo ke ware sabon maciji a wani ɗaki daban har wata biyu zuwa uku kafin ya kusanci sauran.

In tafiya asibiti ta kama, a rigar filo ake sa macijin a ƙulle bakin, a saka cikin akwati mai ɗumi, a tafi da littafin awo, da saɓar ƙarshe, da sabon kashinsa in an samu. Ba kowane likitan dabbobi ne ya san maciji ba, gara a nemi wanda ya sani tun ana lafiya. Bayan an taɓa shi ko akwatinsa kuwa sai ruwa da sabulu, domin ko lafiyayyen maciji yana ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ma ta ce kada a bar yara 'yan ƙasa da shekara 5 su taɓa shi.