Akwatin Hoto Na Katako: Sana'ar Da Katin Ɗan Ƙasa Ya Raya, Ya Kuma Kashe

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Garwa zuwa Bibemi da kasuwar shanu ta Adumri ya san cewa wanda ba shi da katin shaidar ɗan ƙasa ba ya wuce shinge da daɗin rai. To, shi katin nan sai da hoto. Ina yaro, hoton daga cikin wani akwatin katako mai ƙafa uku yake fitowa.

Kafinta ne ke harhaɗa shi. Gilashin ido kaɗai ake nema, galibi daga tsohuwar kyamarar da ta lalace. Babu maɓallin da ake dannawa. Mai hoto zai zaunar da kai a gaban baƙin ƙyalle, ya ce kada ka motsa, ya cire murfin gilashin, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya mayar. Daga nan sai ya zura hannu ta wani hannun riga da aka kafa wa akwatin don kada haske ya shiga. A ciki akwai ƙananan tasoshi biyu na magani, ɗaya mai fito da hoto, ɗaya mai tsayar da shi. Takardar farko a juye take fitowa, fuska fari fat, farar riga baƙa ƙirin. Sai ya kafa ta a gaban gilashi ya sake ɗauka, ya ɗauraye a bokiti, ya miƙa maka da danshinsa. Ba lantarki, ba batir. A ganina basirar da ke cikin akwatin nan ta fi ta wayoyinmu burgewa, domin mai shi ya san kowace ƙusa.

Hoton kati shi ne abincin masu hoto a Kamaru. Da gwamnati ta kawo katin kwamfuta a 1998, aka koma ɗaukar hoton a wurin yin katin, sai ciniki ya karye.

Wasu sun yi sa'a. Wani malamin jami'a a Ingila, David Zeitlyn, ya sa an adana dubban hotunan Jacques Toussele na garin Mbouda da taimakon British Library. A 2005 aka baje hotunan Joseph Chila na Mayo Darle da Samuel Finlak a Landan. A Afganistan ma Lukas Birk da Sean Foley sun bi masu irin wannan akwati tun 2011 suna rubuta yadda ake ƙera shi.

A nan kuwa gara da damina ke cin abin da ya rage. Wanda ke da tsohon akwati ko damin hotunan mahaifinsa a ɗaki, ya ɗaga su daga ƙasa, ya sa cikin adakar ƙarfe kafin ruwa ya sauka.