A auna wa tarho lokacinsa

Tun daga Yamai har Damagaram, daga Tawa har Maraɗi, da wuya a ratsa fada ko biro ko tashar mota ba a iske mutane sun sunkuya a kan tarhon hannu ba. Facebook da aka kafa a Amurka a 2004, da WhatsApp da ya fito a 2009, sun zama dandalin hira na ƙasa baki ɗaya, sa'an nan TikTok ya zo ya janye matasa. Amfaninsu ba ɓoyayye ba ne. Tsohuwa a ƙauye tana jin muryar ɗanta da ke cirani a Libiya ko Abijan, falke yana sanin kuɗin albasar Galmi tun mota ba ta tashi ba, wanda bai yi karatu ba kuwa yana aika saƙonsa da murya.

Jama'ar Nijar sun ɗanɗana rashin wannan hanya a watan Fabrairu na 2021, lokacin da aka yanke intanet na tarhon hannu wajen kwana 10 bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Ciniki ya tsaya wa mutane da yawa, labarin dangi ya yanke. Ashe ke nan barin waɗannan kafofi ɗungum ba zai yi magani ba. Abin da ya kamata shi ne kowa ya auna musu lokaci da kansa.

Aunawar tana da wuya, domin Facebook da TikTok suna samun kuɗi ne daga talla, kuma gwargwadon daɗewar mutum a ciki, gwargwadon tallar da zai gani. Saboda haka aka shirya su ta yadda ba su da ƙarshe: bidiyo yana ƙarewa wani yana tasowa, ƙararrawar saƙo tana kira dare da rana.

A 2018 masu bincike na jami'o'in Stanford da New York a Amurka sun biya waɗansu mutane don su rufe Facebook har mako 4. Kowannensu ya sami kusan awa ɗaya a yini, wadda suka kashe wani sashenta wajen zama da iyali da abokai. Hankalinsu ya ɗan ƙara kwanciya, ko da yake sanin labaran yau da kullum ya ragu musu, kuma bayan gwajin sun rage shiga. A shekarar dai, jami'ar Pennsylvania ta gwada ɗalibai 143, aka taƙaita wa waɗansu minti 30 a yini har mako 3, sai kaɗaici da damuwa suka ragu gare su.

Akwai kuma batun jita-jita, domin mai yawan shiga shi ne mai saurin turawa ba tare da bincike ba. A Indiya, ƙaryar satar yara da ta yaɗu ta WhatsApp ta sa an kashe mutane a 2018, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo ɗaya zuwa wuri 5 kawai a 2019. A Nijar, dokar 2019 game da laifuffukan intanet, wadda aka ƙara tsaurarawa a 2024, ta tanadi ɗauri da tara ga mai yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a.

Gyaran yana hannun mai tarho. Yawancin tarho na zamani suna nuna awoyin da aka ɓata a kowace kafa, sai ya fara dubawa. Daga nan ya kashe ƙararrawar ƙungiyoyi, ya tsai da lokacin duba saƙo safe da maraice, ya aje tarho a lokacin cin tuwo da bayan sallar lisha, ya kuma ware yini ɗaya a mako na hutu.

Ma'aikacin gwamnati ya tuna cewa talakan da ke jira a bakin biro ya biya kuɗin mota daga ƙauye, ya kuma bar gonarsa. Wanda ya sami takardar yaƙi da jahilci kuwa ya san karatun da ba a bita yakan gudu. Awa ɗaya da aka ƙwato daga tarho ta isa a karanta jarida, a rubuta lissafin ciniki, a kuma duba littafin yaro idan ya dawo daga lakkol.