Jarumta Iri Biyu: Waiwaye a Kan Gasar Tseren Motoci ta Duniya ta 1976

Gabatarwa

A cikin tarihin gasar tseren motoci ta duniya, wadda ake kira Formula One, ba a cika samun shekarar da aka fi tattauna ta kamar 1976 ba. A wannan shekara ce direbobi biyu, Niki Lauda ɗan ƙasar Ostiriya da James Hunt ɗan ƙasar Ingila, suka kara tun daga watan Janairu har zuwa Oktoba, daga ƙarshe maki ɗaya tak ya raba su. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda gasar ta gudana, sa'an nan ta duba wata tambaya da ta taso daga cikinta, watau mene ne jarumta ga mutumin da sana'arsa ke iya hallaka shi a kowace rana. Abin da ya jawo tambayar shi ne, mutum ɗaya aka yi wa kirarin jarumi a watan Satumba, aka kuma zarge shi da tsoro a watan Oktoba.

Yadda Gasar Take

Motar Formula One ta bambanta da motar da aka saba gani a kan titi. Kujerarta ɗaya ce, ba ta da rufi, tayoyinta huɗu kuma a waje suke ba tare da murfi ba. A 1976 girman injinta lita 3 ne, kuma a miƙaƙƙiyar hanya takan yi gudun da ya wuce kilomita 280 a sa'a. An shirya tsere 16 a wannan shekara, daga Barazil ranar 25 ga Janairu zuwa Japan ranar 24 ga Oktoba. A kowane tsere, wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 9, na biyu 6, na uku 4, na huɗu 3, na biyar 2, na shida kuwa 1. Wanda ya fi tara maki a ƙarshen shekara shi ne zakaran duniya.

Wajibi ne a san irin haɗarin da ke tattare da sana'ar a wancan zamani. Direba yana zaune ne tsakanin tankunan mai, don haka karo kaɗan yakan haifar da gobara. Jochen Rindt, mai tsere da tutar ƙasarsu Lauda, ya mutu a Monza a 1970, sai bayan rasuwarsa aka tabbatar masa da kambin shekarar. Roger Williamson ya ƙone ƙurmus cikin motarsa a Holan a 1973, François Cevert ya mutu a Amurka a wannan shekarar, Mark Donohue kuma a Ostiriya a 1975. Duk direban da ya shiga mota a 1976 ya san waɗannan mutane, wasunsu ma abokansa ne.

Mutanen Biyu

An haifi Lauda a birnin Biyana a 1949, a gidan masu hannu da shuni waɗanda ba su yarda ya shiga tsere ba. Bashin banki ya ci ya sayi gurbin tuƙi a farkon al'amarinsa. Mutum ne mai lissafi, mai son zama da makanikai yana nazarin mota, ba ya kuma ɓoye abin da ke ransa. Shi ne ya ci gasar 1975 da motar kamfanin Ferrari na Italiya, don haka ya shiga 1976 a matsayin zakara.

Hunt kuwa an haife shi a 1947. Dogo ne mai son raha da shagali, mai saurin fushi, kuma a farkon sana'arsa ya yi suna wajen yawan karo. Ya ci tserensa na farko a Holan a 1975, Lauda na bin sa a baya. Da ƙungiyarsa ta Hesketh ta rasa kuɗi, sai ya wayi gari ba shi da mota. Sa'arsa ita ce Emerson Fittipaldi ya bar McLaren ya koma ƙungiyar ɗan'uwansa, aka kira Hunt ya maye gurbinsa. Duk da bambancin halinsu, su biyun abokai ne tun suna ƙananan direbobi, kuma hamayyar ba ta raba su ba.

Rabin Farko da Rigingimun Doka

Lauda ya fara shekarar da ƙafar dama. Ya ci Barazil da Afirka ta Kudu da Beljiyam da Monako, alhali motar Hunt tana yawan lalacewa. A Sifen, ranar 2 ga Mayu, Hunt ya zo na ɗaya, amma da aka auna motarsa sai aka tarar faɗinta ya zarce ƙa'ida da santimita 1.8, aka soke nasarar. McLaren ta ɗaukaka ƙara, aka mayar masa da makinsa a watan Yuli, daidai lokacin da ya ci tseren Faransa.

Rigima ta biyu ta auku a Brands Hatch ta Ingila ranar 18 ga Yuli. A kwanar farko Clay Regazzoni, abokin aikin Lauda a Ferrari, ya gogi motar Lauda, Hunt ya faɗa cikin hatsaniyar, aka tsayar da tseren. Alƙalai sun so su hana Hunt sake tashi, to amma dubban 'yan kallo suka yi ta ihu suna kiran sunansa. Kafin a gama jayayya makanikai sun gyara motarsa, aka bar shi ya shiga, ya kuma ci. Ferrari ta kai ƙara. Kafin a yanke hukunci, Lauda yana da maki 58, Hunt yana da 35, kowa kuma ya ɗauka gasar ta ƙare.

Gobarar Nurburgring

Tsere na goma an yi shi a Jamus ranar 1 ga Agusta, a filin Nurburgring da ke cikin duwatsun Eifel. A wancan lokaci tsawon zagaye ɗaya a wannan fili kilomita 22.8 ne, da kwanoni fiye da 150, hanyar tana hawa tana gangara cikin daji. Saboda tsawonta, ba ya yiwuwa a wadata ta da 'yan kwana-kwana da likitoci, kuma sau da yawa ruwa yakan sauka a wani sashe alhali wani sashen a bushe yake. Babu wanda ya fi Lauda sanin filin, domin a 1975 ya zagaye shi cikin ƙasa da minti 7. Duk da haka shi ne ya nemi direbobi su ƙaurace wa tseren. Aka jefa ƙuri'a, masu son a yi suka rinjaye shi, ya bi ra'ayin jama'a.

A zagaye na biyu, kusa da kwanar da ake kira Bergwerk, motarsa ta ƙwace, ta daki gefen hanya, ta dawo tsakiya tana ci da wuta. Motocin Brett Lunger da Harald Ertl suka afka mata. Hular kwanon Lauda ta fita daga kansa, ya maƙale cikin wuta. Waɗannan direbobi biyu, tare da Guy Edwards da Arturo Merzario, suka bar motocinsu suka nufi wutar, Merzario ya kwance masa ɗamara, suka jawo shi waje. Abokan hamayyarsa ne suka cece shi, domin ma'aikatan ceto ba su kusa, watau abin da ya yi gargaɗi a kansa tun farko.

Wuta ta cinye masa yawancin kunnen dama, ta ƙona goshinsa da fatar idanunsa. Abin da ya fi tayar da hankalin likitoci a asibitin Mannheim shi ne hayaƙi mai guba da ya shaƙa, wanda ya lalata masa huhu. Har limamin Katolika aka kira ya yi masa addu'ar da suke yi wa mai gargarar mutuwa. A can fili kuwa an sake tayar da tseren, Hunt ya ci.

Komowa a Monza

Tsere biyu aka yi ba tare da Lauda ba. A Ostiriya Hunt ya zo na huɗu, a Holan kuma ya zo na ɗaya ranar 29 ga Agusta, ranar da ya cika shekara 29 da haihuwa. Ferrari ta riga ta ɗauki Carlos Reutemann don ya maye gurbin majinyacin. Sai ga Lauda a Monza ta Italiya ranar 12 ga Satumba, kwana 42 kacal bayan haɗarin, kansa naɗe da bandeji. Daga baya shi da kansa ya faɗi cewa a ranar gwaji ta farko tsoro ya kama shi har ya fita daga motar. Da ya kwana ya yi nazari, sai ya koma yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da zuciyarsa ta ɗauka. Ranar tsere ya zo na huɗu, Hunt kuwa ya sulluɓe daga hanya bai gama ba. Da Lauda ya cire hularsa, an ga jini ya jiƙe bandejin. Jaridun Italiya suka cika shi da yabo.

A ƙarshen Satumba aka yanke hukuncin Brands Hatch, aka ƙwace nasarar daga Hunt aka ba Lauda. Lissafi ya koma 64 da 47, saura tsere uku. Hunt bai karaya ba. Ya ci Kanada ranar 3 ga Oktoba, inda Lauda bai sami ko maki ɗaya ba, ya kuma ci Watkins Glen ta Amurka bayan mako guda, Lauda ya zo na uku. Da haka aka nufi Japan, Lauda yana da 68, Hunt yana da 65.

Ruwan Fuji

Wannan ne karo na farko da Japan ta karɓi tseren gasar duniya, a wani fili da ke gindin dutsen Fuji. Ranar tsere aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga hazo, ga ruwa kwance a kan hanya. Direbobi da dama, har da Hunt, ba su so a tashi ba. Amma an riga an sayar da haƙƙin nuna tseren a talabijin ga ƙasashe masu yawa, don haka bayan jinkiri aka ba da umarnin tashi.

Bayan zagaye biyu Lauda ya shigo rumfar makanikai ya tsayar da motarsa. Feshin ruwan da motoci ke tayarwa ya hana ganin gaba, ga shi kuma fatar idanunsa da ta ƙone ba ta ƙifta sosai. Injiniyan Ferrari, Mauro Forghieri, ya ba shi shawarar a ce motar ce ta sami matsala, don a rufa masa asiri. Lauda ya ƙi, ya ce a faɗi gaskiya, shi ne ya ga haɗarin ya fi ƙarfin abin da ake nema. Fittipaldi da Carlos Pace da Larry Perkins su ma sun janye.

Hunt ya ci gaba yana kan gaba. Can sai ruwa ya ɗauke, hanya ta fara bushewa, tayoyin ruwa kuwa ba sa jure busasshiyar kwalta. Saura zagaye biyar daga cikin 73 tayarsa ta lalace, tilas ya tsaya aka canza, ya fito yana na biyar. Matsayi na biyar maki 2 ne, jimla 67, wanda bai isa ba. Cikin 'yan zagayen da suka rage ya wuce Alan Jones da Regazzoni, ya gama na uku a bayan Mario Andretti da Patrick Depailler. Ya fito daga mota yana faɗa da shugaban ƙungiyarsa, Teddy Mayer, yana zaton ya faɗi, sai da aka nanata masa cewa shi ne zakaran duniya. Hunt ya tashi da maki 69, Lauda da 68. Kambin kamfanoni kuwa Ferrari ce ta ɗauka.

Mece Ce Jarumta?

Wasu jaridun Italiya da suka yabi Lauda a Monza sun juya suna zarginsa da ragwanci, dangantakarsa da Enzo Ferrari, mai kamfanin, ita ma ta yi tsami. Amma wanda ya bi labarin daki-daki zai ga cewa ma'auni ɗaya Lauda ya yi amfani da shi sau uku. A Nurburgring ya auna haɗari ya ce kada a yi, aka rinjaye shi, abin da ya hango ya faɗa kansa. A Monza ya auna ya ga tsoron da ke zuciyarsa abu ne da zai iya sarrafawa, ya shiga. A Fuji ya auna ya ga ruwa da rashin gani ba su cikin ikonsa, ya fita, kuma wannan karon bai jira ƙuri'ar kowa ba. Ƙin fakewa da ƙaryar lalacewar mota, alhali ya san abin da za a ce da shi, yana buƙatar ƙarfin zuciya irin wanda ya kai shi Monza.

Wannan bai rage wa Hunt komai ba. Ya ci tsere 6, Lauda 5, ya kuma rufe tazarar maki 17 cikin tsere uku. Shi ma ya ga ruwan da Lauda ya gani, ya zaɓi ya tsaya cikinsa domin ya san dama irin wannan ba lalle ta sake zuwa ba, kuma ba ta sake zuwa ɗin ba. Tasa jarumtar ta mai kutsawa ce, ta Lauda kuwa ta mai sanin iyakarsa.

Kammalawa

Hausawa na cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Lauda ya sake cin gasar a 1977 da Ferrari, ya bar kamfanin tun kafin shekarar ta ƙare, sa'an nan ya ci ta uku a 1984 da McLaren, inda ya fi Alain Prost da rabin maki. Hunt ya yi ritaya a 1979, ya zama mai sharhin tsere a talabijin na BBC, ya rasu a 1993 yana da shekara 45 sakamakon bugun zuciya. Lauda ya rasu a 2019 yana da shekara 70.

Ita ma gasar ta ɗauki darasi, ko da yake a hankali. Ba a sake yin tseren Formula One a tsohuwar doguwar hanyar Nurburgring ba, daga 1977 aka mayar da na Jamus zuwa Hockenheim. A 1978 aka naɗa Farfesa Sid Watkins, likitan ƙwaƙwalwa, ya riƙa kula da lafiyar direbobi a kowane tsere, daga nan aka fara tilasta wa masu filaye su tanadi asibiti da jirgin ɗaukar majinyata. Abin da Lauda ya nema a Jamus aka ƙi, watau kada a tashi sai an tabbatar da hanyar ceto, daga baya ya zama sharaɗin da ba a fara tsere sai an cika shi.