BIRGED TA SEROWE: YADDA AKA KOYA WA SAMARIN KARKARA SANA'A DA GUMINSU

Babu wata ƙasa mai tasowa da ba ta san wannan matsala ba: yaro ya gama makarantar firamare a ƙauye, bai sami gurbi a sakandare ba, ya iya karatu da rubutu har yana ganin ya fi ƙarfin fartanya, amma kuma babu ofishin da zai ɗauke shi ko da masinja. Irin waɗannan samari su ne ke cika tashoshin mota na birane suna jiran abin da ba su san ranar zuwansa ba. Gwamnatoci da yawa sun kafa hukumomi, sun sayi injuna, sun yi bukukuwan buɗe cibiyoyin koyon sana'a, amma kaɗan ne daga cikin cibiyoyin suka yi tsawon rai. Saboda haka labarin abin da ya faru a garin Serowe na ƙasar Botswana ya cancanci a tsaya a kansa, domin a can ne wani mutum ya gwada wata hanya dabam, ya ci nasara a wani fanni, ya sha ƙasa a wani, kuma bai ɓoye ko ɗaya ba.

MUTUMIN DA YA AJIYE AIKIN JAKADANCI

Sunan mutumin Patrick van Rensburg. An haife shi a birnin Durban na Afirka ta Kudu a shekarar 1931, kuma farar fata ne, watau yana cikin waɗanda mulkin wariyar launin fata ya shimfiɗa wa tabarma. Ya shiga aikin gwamnati har ya zama mataimakin ƙaramin jakada a birnin da ake kira Kinshasa yanzu, amma a 1957 ya ajiye aikin domin zuciyarsa ta ƙi yarda ya ci gaba da kare manufar gwamnatinsa. Da ya je Ingila sai ya shiga sahun waɗanda suka shirya gangamin ƙaurace wa kayayyakin Afirka ta Kudu. Bayan ya koma gida aka ƙwace fasfonsa, sa'an nan a 1960, shekarar da 'yan sanda suka harbe baƙaƙen fata 69 a Sharpeville, ya tsere daga ƙasar.

A 1962 shi da matarsa suka sauka a Serowe, babban garin ƙabilar Bamangwato, kuma garin Seretse Khama wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na farko. A lokacin ana kiran ƙasar Bechuanaland, tana ƙarƙashin Turawan Ingila, kuma tana cikin mafi talauci a duniya. Arzikinta shanu ne, ruwan sama kuwa ba shi da tabbas, shi ya sa majiya ƙarfi sukan tsallaka iyaka su yi ƙodago a ramukan haƙar ma'adinai na Afirka ta Kudu. An ƙiyasta cewa sa'ad da ta sami mulkin kai a ranar 30 ga Satumba, 1966, hanyar kwalta da ke cikin ƙasar duka ba ta wuce kilomita 12 ba, masu digirin jami'a kuma 22 ne kawai.

A farkon 1963 ya buɗe makarantar sakandare ta Swaneng Hill da ɗalibai 28. Tun daga ranar farko aka saba wa ɗaliban da aikin hannu: su suka taya gina azuzuwansu, su ke noman lambu, su ke share makaranta. Makarantar ta yi suna, masu neman shiga suka yi yawa ƙwarai, kuma a nan ne van Rensburg ya ga abin da ya dame shi. A kowace shekara waɗanda ake mayarwa gida sun ninka waɗanda ake ɗauka, ga kuɗin makaranta da talaka ba ya iya biya. Ya gane cewa ko da an gina sakandare goma, mafi yawan 'ya'yan karkara za su kasance a waje.

YADDA BIRGED KE AIKI

Amsar da ya bayar ita ce Birged ɗin Magina ta Serowe, wadda aka kafa a 1965. Sunan birged ba baƙo ba ne a Afirka, domin gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa irin wannan runduna a Ghana tun 1957, sai dai ta Ghana ta gwamnati ce, da kaki da fareti, kuma baitulmali ke ɗaukar nauyinta. Ta Serowe kuwa ba ta da baitulmalin da za ta jingina da shi, don haka aka gina ta a kan wata ƙa'ida guda: aikin da mai koyo ya yi shi zai biya kuɗin koyonsa.

Ga yadda abin yake. Ana ɗaukar samarin da suka gama firamare, a haɗa su da gwanin magini wanda zai zame musu malami kuma shugaban aiki. Birged ta nemi kwangila kamar kowane ɗan kwangila, ko ta ajin makaranta, ko ta ɗakin shan magani, ko ta gidan wani ma'aikaci. Samarin su haƙa harsashi, su buga bulo, su kwaɓa siminti, su ɗora rufi, malamin yana tsaye a kansu yana gyara musu. Kuɗin kwangilar shi ne albashin malami, shi ne abincin masu koyo, shi ne kuɗin kayan aiki. Mafi yawan kwanakin mako a wurin gini ake yin su, ragowar kuma a aji, inda ake koyar da lissafi, da Turanci, da ilmin sana'ar, da wani darasi kan tattalin arziki da ci gaban ƙasa wanda van Rensburg ya ba muhimmanci ƙwarai. Bayan kamar shekara 3 sai yaro ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta gwamnati ya fita da takardar shaida.

Hikimar wannan tsari a fili take. Iyaye matalauta ba sai sun sayar da saniya ba kafin ɗansu ya koyi sana'a. Mai koyo ba ya gina katangar wasa da za a rushe da yamma, kamar yadda ake yi a makarantun koyon sana'a na gwamnati. Yana gina ɗakin da mutane za su kwana a ciki, kuma in katanga ta karkace mai gida ba zai biya ba. Garin kuma ya sami gine-gine da rahusa, kuɗin ya zauna a cikin gari maimakon ya bi 'yan kwangilar waje.

Da aka ga abin ya karɓu, sai birged ta yi rassa a Serowe: ta kafintoci, ta manoma, ta masaƙa da maɗinka, ta majema, ta makanikai, ta masu ɗab'i. Sauran garuruwan Botswana suka kwaikwaya, kowane gari da kwamitin amintattunsa na mutanen gari, har a ƙarshe ƙasar ta sami cibiyoyin birged kusan 40. A daidai wannan zamani majalisar majami'un Kenya ta fito da rahoto a 1966 kan makomar yaran da suka gama firamare, wanda ya haifar da makarantun sana'a na ƙauye a can, abin da ke nuna cewa ciwon ɗaya ne a ko'ina.

INDA GIZO KE SAƘA

Amma duk wanda zai shugabanci irin wannan shiri ya kamata ya dubi inda aka yi tuntuɓe fiye da inda aka yi tafi.

Abu na farko shi ne kasuwa. Birged ɗin magina ta yi ƙarfi ne domin ta zo a kan gaɓa: ana gina sabon babban birni a Gaborone, an gano lu'ulu'u a Orapa a 1967, gwamnati na bukatar makarantu da ofisoshi a ko'ina. Masaƙa da majema ba su sami wannan sa'a ba. Botswana tana cikin ƙawancen kwastan da Afirka ta Kudu, don haka bargo da takalma na manyan masana'antun can suna shigowa ba tare da haraji ba, kuma babu yadda za a yi yaro mai koyo da masaƙar hannu ya karya musu farashi. Sana'ar da babu mai sayen kayanta ba ta iya ciyar da mai koyonta, komai kyawun niyyar wanda ya kafa ta.

Abu na biyu shi ne abin da yaro zai tarar bayan ya gama. Birged ɗin manoma ita ta fi shan wahala, ko da yake noma da kiwo su ne rayuwar karkarar. An koya wa samari dabarun zamani, amma suka koma gida babu gona tasu, babu rijiya, babu shanu, babu jari, a ƙasar da fari ke zuwa a kai a kai. Magini yana iya ɗaukar 'yan kayan aikinsa a jaka ya nemi aiki gobe; manomi ba ya iya sa gona a jaka. Su ma maginan da kafintocin da yawansu birni suka nufa suka zama ma'aikatan kamfanoni. Sun sami abin yi, wannan gaskiya ne, amma burin raya karkara da hannun 'ya'yanta bai cika yadda aka so ba.

Abu na uku shi ne ja-in-ja tsakanin koyarwa da neman kuɗi, kuma wannan ne ya fi cin ran shugaba. Mai koyo a shekararsa ta farko ɓarnarsa ta fi amfaninsa, yana da nawa, yana lalata kaya. In shugaba ya matsa a gama kwangila a kan lokaci, sai a bar yaro yana tura baro wata da watanni bai koyi kome ba, ya zama lebura marar albashi. In kuma ya ce koyarwa ce gaba, sai kwangila ta makara, asusu ya bushe. Da rassa suka yawaita sai lissafin kuɗi ya fi ƙarfin masu riƙe da shi, ga dogaro da 'yan sa-kai na ƙasashen waje waɗanda ke tafiya bayan shekara biyu ko uku. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Wajen ƙarshen shekarun 1970 cibiyoyi da dama, har da ta Serowe, suka shiga matsalar kuɗi mai tsanani.

Abu na huɗu shi ne daraja. A idon iyaye da yawa birged wurin waɗanda suka faɗi jarrabawa ne, ɗan sakandare kuwa shi ne zai zama akawu ya sa taye. Muddin albashin mai biro ya ninka na mai guduma, babu wa'azin da zai sauya wannan ra'ayi. Van Rensburg da kansa ya tattauna irin waɗannan matsaloli a littafinsa na 1974 kan Swaneng Hill da kuma na 1978 kan birged ta Serowe, inda ya nuna cewa makaranta ita kaɗai ba ta iya gyara abin da tsarin tattalin arziki ya ɓata.

HANNUN GWAMNATI

Tun daga shekarun 1970 gwamnatin Botswana ta fara ba cibiyoyin tallafi bisa yawan masu koyo, domin ta tabbata cewa kuɗin kwangila kaɗai ba zai riƙe su ba. Tallafin ya cece su daga rushewa, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sannu a hankali manhaja da jarrabawa suka rinjayi aikin samarwa, har a ƙarshen shekarun 2000 gwamnati ta karɓe ragamar cibiyoyin daga hannun kwamitocin gari ta mayar da su cikin tsarin makarantunta na koyon sana'a. Malamai sun sami albashi tabbatacce, sai dai ƙa'idar nan ta farko, watau a koya ta hanyar yin aikin da za a saya, ta yi rauni.

Shi kuwa van Rensburg ya zama ɗan ƙasar Botswana a 1973. A 1980 ya kafa wata gidauniya domin yaɗa manufar haɗa ilmi da samar da kaya a kudancin Afirka, a 1981 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Sweden, a 1984 kuma ya tayar da jaridar Mmegi wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan jaridun ƙasar. Ya rasu a Serowe a watan Mayu na 2017.

DARASI GA MASU RIƘE DA RAGAMA

Nijeriya ma ta bi ta wannan hanya da nata salon. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban yara waɗanda sakandare ba ta iya ɗauka ba. Tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya sa koyon sana'a a cikin manhaja, amma injuna da yawa da aka sayo daga waje sun tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da rashin malamai. A ƙarshen 1986 aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda ta ɗauki dabarar tura samari wurin masu sana'a na gari su koya a bakin aiki, dabarar da ba ta yi nisa da ta Serowe ba, kuma ba ta yi nisa da yadda maƙera da kafintoci suka saba yaye yaransu tun kaka da kakanni ba.

Abin da tarihin Serowe ke nunawa shi ne, shugaban shirin koyar da sana'a ba shugaban makaranta kawai ba ne. Kafin ya ɗauki yaro ɗaya, wajibi ne ya zaga kasuwa ya san abin da mutanen yankin ke saye da abin da suke rasa mai yi musu. Wajibi ne ya riƙe littafin kuɗi kamar ɗan kasuwa, ya yarda tun farko cewa wani kaso na kuɗin koyarwa sai gwamnati ko jama'a sun biya, sa'an nan ya tsare cewa tallafin bai raba masu koyo da aikin gaske ba. Wajibi ne ya horar da 'yan gari waɗanda za su gaje shi, kada shirin ya mutu ranar da ya tafi. Fiye da kome kuma, ya auna nasararsa da abin da yaransa ke yi shekara biyu bayan an yaye su, domin takardar shaida ba ta sayen hatsi, kuma saurayin da ya koma ƙauye da sana'a amma babu kayan aiki, babu jari, babu mai saye, motar farko da ta nufi birni zai hau.